Ina miƙa wa jama'a ƙoƙo, ni kuwa na kasa sha

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya ta masu jin Hausa a wajen Agege, kuma tun bara aka ɗora mini shirya teburin Jibin Ubangiji. Akwai wani ɗan'uwa, garinmu ɗaya, da na ba shi kuɗi masu kauri ya sayo tumatir daga Arewa ya kawo kasuwar Mile 12 a Legas. Ya dawo ya ce kaya sun ruɓe a hanya. Ban yarda ba. Wata takwas ke nan ko gaisuwa ba ma yi, matanmu ma sun daina zama kusa da juna a zumuntar mata. Tun daga nan ban ƙara cin jibi ba, don ina tsoron abin da Bulus ya faɗa a kan mai ci ba da cancanta ba. Ni ke zagayawa da tire, in miƙa masa, ya ɗauka ya sha hankali kwance, raina ya yi ta ƙuna. Har na taɓa tunanin in tsallake shi. Ga ɗana yana ta rashin lafiya, ina tsoron ko hukunci ne. Ban da wannan, a jibin da ya wuce ƙoƙuna suka ƙare kafin masu gadi da suka tashi aikin dare su iso, wasu kuma suna cewa mu koma zoɓo tunda ruwan inabi ya yi tsada. Fastonmu sau ɗaya yake zuwa a wata biyu. Me zan yi?

Wani dattijo, Agege

Dattijo, salama ta Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka. Bari mu fara da yaron, domin shi ne ba zai iya jira ba. Ka kai shi asibiti a yi masa gwaji a cikin makon nan, kada a tsaya ga maganin kemis. Ayar da ke ba ka tsoro, 1 Korintiyawa 11:30, wadda ta ce da yawa sun raunana suna rashin lafiya, tana magana ne a kan manyan da suka ci jibin suna wulaƙanta 'yan'uwansu, ba a kan 'ya'yansu ba, kuma kai ko ci ba ka yi ba. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:1-3). Ka sauke wannan kaya daga kanka, sauran ma sun ishe ka.

Tsoron da kake ji ba abin raini ba ne. Mutumin da bai ɗauki teburin da daraja ba, ba zai yi wata takwas yana jin nauyinsa ba. Sai dai tsoron ya kai ka inda nassin bai aike ka ba, kuma za ka ga haka in ka karanta babi na 11 daga aya 17 har zuwa 34 a zama ɗaya, ba aya 27 da 29 kaɗai da ake yawan karantawa a gaban tebur ba.

Korinti garin tashar jiragen ruwa ne, cike da baƙi 'yan cin rani, attajirai da bayi da 'yan dako. Bulus ya rubuta musu daga Afisa wajen shekara ta 55. A lokacin babu ginin majami'a, a gidan wani mai hali ake taruwa, kuma jibin cikakken abinci ne da kowa ke kawo abin da ya samu. Masu hali, waɗanda lokacinsu a hannunsu yake, sai su riga kowa zuwa su buɗe kwanukansu. Bawa da lebura kuwa sai maigida ya sallame su. Kafin su iso an share kwano, har Bulus ya ce wani na jin yunwa wani kuwa ya bugu. Ya gaya musu kai tsaye cewa abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne, suna raina ikilisiyar Allah, suna kunyata marasa shi. Wannan shi ne cin da bai dace ba da yake nufi. Maganin da ya ba su kuma biyu ne: kowa ya auna kansa sannan ya ci (aya 28), in kuma an taru a jira juna (aya 33). Bai ce wa kowa ya ƙaurace wa tebur ba.

Ka ga ke nan tambayarka a kan ƙarewar ƙoƙuna, wadda ka saka kamar ƙari, ita ce ta fi kusa da laifin Korinti. Maigadin da ya kwana a tsaye a Ikeja ko Apapa, ya yi fama da danfo da cunkoso, ya iso ya tarar tire babu komai, shi ne mutumin da Bulus ya rubuta babin domin sa. Za mu dawo kansa.

Ka tuna kuma da waɗanda suka zauna a teburin farko. Daren Idin Ƙetarewa ne, idin da Fitowa 12 ta kafa don tunawa da fitar Isra'ila daga Masar. Yesu ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya kakkarya ya ba su, ya ce jikinsa ne. Ya ɗauki ƙoƙo ya ce jininsa ne na alkawari da ake zubarwa domin gafarar zunubai, ya kuma ce dukansu su sha (Matiyu 26:26-28). Sabon alkawarin nan shi ne wanda Irmiya 31:31-34 ya yi annabcinsa. Luka ya nuna mana cewa a wannan zama ɗin hannun mai cin amanarsa yana kan tebur, sauran suna gardamar wane ne babba a cikinsu, Bitrus kuwa kafin zakara ya yi cara zai yi musunsa sau uku (Luka 22:21-34). Da sai mai tsabtar zuciya ɗari bisa ɗari ke ci, da babu wanda ya ɗanɗana a daren nan.

Wannan ba ya nufin gabar da ke tsakaninku ba komai ba ce. Bulus ya ce gurasa ɗaya ce, mu ma da muke da yawa jiki ɗaya ne (1 Korintiyawa 10:17), kuma ba ya yiwuwa mutum biyu su ci daga gurasa ɗaya su fita ba sa ga maciji. Tsohon littafin nan na ikilisiyar farko da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya ce mai rigima da ɗan'uwansa kada ya shiga taron sai sun shirya. Yesu da kansa ya ce in ka kawo baikonka ka tuna akwai wata magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye, ka je ku shirya, sannan ka dawo ka miƙa (Matiyu 5:23-24). Abu uku ya faɗa: ajiye, je, dawo. Kai ka yi na farko ka zauna a kansa wata takwas. Janyewa daga tebur ta zama maka madadin zuwa gidan mutumin, kuma gaskiya ta fi sauƙi, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke zaɓenta.

Yanzu mu dubi ɗan'uwan nan. Mai yiwuwa ya cuce ka. Mai yiwuwa kuma gaskiya ya faɗa. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kwanduna a jibge kan juna, kwana biyu ko uku a hanya. Mota ta lalace wuni guda a rana, na ƙasa su murƙushe, ruwansu ya ɓata na kusa, kafin a kai Mile 12 rabin kaya sai a sayar da araha ko a zubar. Duk mai wannan sana'a ya san haka. Kwanciyar hankalin da kake gani a fuskarsa in ya ɗauki ƙoƙo ba hujja ba ce ta komai, don mai kunya ma yakan daure fuska. Akwai kuma tambayar da wasiƙarka ba ta amsa ba, ita ce kuwa ginshiƙin maganar: kuɗin nan bashi ne ko jari? In rance ka ba shi, yana kansa ko kaya sun ruɓe ko ba su ruɓe ba. In kuwa jari ka zuba don ku raba riba, to hasara ma ta ku biyu ce, sai dai in an tabbatar da ha'inci ko sakaci. Sau da yawa wanda ya ba da kuɗi yana ɗauka rance ne, wanda ya karɓa yana ɗauka haɗin gwiwa ne, kuma babu wanda ya rubuta komai saboda "ai ɗan gari ne".

Ga yadda zan so ka bi. Kafin jibi mai zuwa, ka je wurinsa kai kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ta ce. Ba a harabar majami'a bayan sujada ba, ba ta waya ba, ba kuma ta bakin mata ba. Zumunta a ƙafa take. Ka fara da abin da ke naka: ka yanke gaisuwa, ka yanke masa hukunci a zuci ba ka ji ta bakinsa sosai ba. Sannan ka roƙe shi ya ba ka labarin tafiyar daga farko, kwando nawa aka loda, wace mota, wace rana ta iso, wane dillali ya karɓa, nawa aka sayar da abin da ya tsira. A Mile 12 kaya ba sa shiga a ɓoye, dillalai da masu sauke kaya suna tuna motar da ta zo da ruɓaɓɓen kaya. Mai gaskiya ba zai ƙi ku je tare ku tambaya ba. In an gano akwai abin da zai biya, ku rubuta a takarda: jimla, nawa a wata, ranar farawa, da sa hannun shaidu biyu. Ku sa adadin da zai iya, ko kaɗan ne, domin alkawarin da ya fi ƙarfin mutum sabuwar rigima yake haifarwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Yafe masa a zuciya kuma bai tilasta ka yafe kuɗin ba, abu biyu ne daban, ko da yake in kana da hali ka rage masa wani abu, zai sauƙaƙa muku duka.

In ya ƙi saurara, ka koma da mutum ɗaya ko biyu waɗanda shi ma yake ganin girmansu, ba abokanka kaɗai ba. In hakan ma bai yi ba, sai magana ta je gaban fasto da majalisar dattawa. Da ka kai nan, ka sauke naka. Romawa 12:18 ta ce ku yi zaman lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku. Taurin kan wani ba zai hana ka teburin Ubangijinka ba. Ka ci, ka sha. Yanayi ɗaya ne zan ce ka dakata: in ka auna kanka ka tarar har yanzu kana masa fatan sharri kuma ba ka da niyyar taka ƙafa zuwa wurinsa. Ko a nan ma ka gaya wa fasto, ku sa rana, kada ya zama buɗaɗɗen hutu.

Batun tsallake shi da tire kuwa, kada ka kuskura. Hana mutum jibi horo ne na ikilisiya, majalisa ce ke yin sa bayan an ji kowane ɓangare, ba mai riƙe da tire ba, balle wanda yake da ƙara a kan mutumin. In hannunka ba zai iya ba, ku yi musayar layi da wani dattijo a wannan karon. Maman yara kuma ka gaya mata da bakinka cewa za ka je, ka roƙe ta ta fara gaishe da matarsa. Matan nan biyu ba su ci kuɗin kowa ba, rigimar mazajensu suke dako.

Sai teburin kansa. Ƙarewar ƙoƙuna matsalar lissafi ce, kuma tana da magani. Tiren da aka saba sayarwa yana ɗaukar ƙoƙo 40. Kowane ƙaramin ƙoƙo yana cin kusan mililita 15, amma kashi biyu cikin uku ake zubawa, wato wajen mililita 10, don in ya cika sai ya zube a hannun tsofaffi da fararen kaya. A haka lita ɗaya tana ba da ƙoƙo 90 zuwa 100, kwalbar santilita 75 kuma wajen 70. Kada ka ƙirga waɗanda ke zaune lokacin da aka fara waƙar farko. Ka ɗauki rajistar masu baftisma, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda baƙi, don a Legas ba a rasa wanda ya zo daga gida neman aiki ko jinya. Ka ware ƙoƙo 10 zuwa 15 a rufe a gefe, kada a taɓa su sai an ga ƙarshen layi. Mafi muhimmanci, ku roƙi fasto a sa jibin bayan wa'azi, a sanar da lokacinsa mako biyu kafin ranar, don masu aikin dare su nemi wanda zai karɓe su da wuri. In kun san mutum biyar suna kan hanya, a ƙara waƙa biyu. Waɗanda aiki ko ciwo ya hana su zuwa sam, a rubuta sunayensu fasto ya kai musu kafin ya koma. Wannan ba sabon abu ba ne: Jastin Shahidi, wani marubucin ikilisiyar farko, da yake bayyana sujadar Lahadi a Roma wajen shekara ta 150, ya ce dikinoni suna kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Wajen zubawa, kada ka yi daga bakin kwali, rabi a tire zai ƙare. Ka sami ƙaramar roba mai tsinin baki ko sabon sirinji babba marar allura, ka keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Ka zuba bai fi awa ɗaya kafin sujada ba, ka rufe da murfin tire da farin ƙyalle saboda ƙuda da kiyashi. Ruwan inabin da aka buɗe, in babu wuta a firji, zafin Legas zai sa ya fara tsami da kumfa cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka ka sayi daidai buƙata, kada ka ajiye ragowa don wata biyu masu zuwa. Ƙoƙunan da ake maimaitawa a wanke su ranar da ruwan zafi da sabulu, a kife su su bushe sarai kafin a mayar cikin tire. In aka rufe su da danshi, baƙin fumfuna za ka tarar a gindinsu.

Gurasa kuma, Yesu marar yisti ya kakkarya saboda idin ne, amma ikilisiyoyi sun bambanta tun da daɗewa: Katolika marar yisti suke amfani da ita, Otodoks na Gabas mai yisti. Ka bi abin da ɗariƙarku ta tsara. In burodin Agege ne, a sayo na ranar Asabar, a yanke ɓawon, a yayyanka da wuƙa mai kaifi da safiyar Lahadi, don laushinsa yana sa ya manne ya dunƙule in ya kwana a yanke. In kuna so ku yi marar yisti, abu ne mai sauƙi: gwangwanin madara ɗaya na fulawa, cokali ɗaya na man gyaɗa, ɗan gishiri, da ruwa wajen sulusin gwangwani. A kwaɓa ya yi tauri, a murza ya yi faɗi da siriri, a tsattsaga da wuƙa ƙanana kamar farcen babban yatsa ba tare da an raba ba, a soka da cokali mai yatsu don kada ya kumbura, a gasa a busasshen kasko da wuta kaɗan, minti uku ko huɗu kowane gefe. Wannan ya ishi fiye da mutum 100. A bar shi ya huce kafin a sa a leda, in ba haka ba gumi zai jiƙa shi. Ka bar guda ɗaya babba wanda fasto zai karya a gaban jama'a.

Zoɓo fa? Masu wannan shawara ba rashin tsoron Allah ke damunsu ba, aljihu ne. Amma ni ban goyi baya ba. Abin da ke cikin ƙoƙon Yesu na itacen inabi ne (Matiyu 26:29), kuma ja kaɗai ba shi ne ma'auni ba. A ƙauyen da babu yadda za a yi, wata magana ce da shugabannin ɗariƙa za su duba. A Legas kuwa lita ɗaya a wata biyu ba ta fi ƙarfin ikilisiya ba, in an sa ta a kasafi maimakon a bar wa aljihun dattijo ɗaya. Ka dai karanta jikin kwalin, domin da yawa ruwan sukari ne da kala, ba inabi ba. In kuɗi sun yi wuya ƙwarai, a sayi zabibi wurin masu dabino, a wanke, a jiƙa gwangwani ɗaya a tafasasshen ruwa gwangwani uku ya kwana, a matse a tace da ƙyalle mai tsabta. Kiristocin Habasha da na Masar sun daɗe suna yin na jibinsu daga zabibi. Mai sa maye ko marar sa maye kuma al'adar ɗariƙa ce. Marar sa mayen ya yaɗu ne bayan 1869, lokacin da Thomas Welch, wani ɗan Metodis a Amurka, ya fara dafa ruwan inabi don kada ya zama giya. In akwai wanda ya tuba daga shaye-shaye a cikinku, shi ya fi dacewa. Mai ciwon sukari kuwa kada ya damu, abin da ke cikin ƙoƙon bai kai rabin ƙaramin cokali na sukari ba.

Abin da ya ragu, ka tambayi fasto ƙa'idarku. Katolika da Angilikan da Lutaran suna da tsari mai tsauri a kan haka, wasu ɗariƙun kuma dattawa ne ke cinyewa cikin natsuwa bayan an tashi. Abin da bai dace ba shi ne a watsa a kwata, ko a raba wa yara kamar alewa, ko a ƙulla wa wani ya kai gida ya ajiye kamar laya.

Wata biyu tsakanin jibi da jibi ba zunubi ba ne. Nassi bai yanka adadi ba, ko da yake Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna masu bi a Taruwasa sun taru ranar farko ta mako don karya gurasa. Kalbin ma, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya, ya so a riƙa yi kowane mako a Janiba ta ƙasar Suwizalan, hukumar gari ta tsaya a kan sau huɗu a shekara. In kuna son ƙari, ku rubuta wa shugabannin gundumarku su riƙa turo wani naɗaɗɗen fasto, kada kai ka jagoranci tebur da kanka in tsarinku bai ba dattijo wannan izini ba. Shi faston naku kuwa, kada ka bari sai ya iso ranar Lahadi yana sauri ka tare shi a ƙofa. Ka kira shi a makon nan, ka gaya masa tun yaushe ka daina ci da dalili, da ranar da ka sa za ka je gidan ɗan'uwan, ka kuma roƙe shi ya zo tun ranar Asabar in akwai buƙatar ya zaunar da ku biyu.